Lambar 180 a mitar motocin Japan ba ita ce ƙarfin injin ba

An daɗe ana faɗa a majalisar masu son mota wai in ka leƙa mitar gudu ka ga ta tsaya a 180, to motar ba ta da wani ƙarfi, mai 260 ta fi ta. Ba laifin kowa ba ne, abin da ido ya gani ke nan.

Gaskiyar maganar ita ce yawancin motocin da aka ƙera don sayarwa a cikin Japan ana saka musu na'urar da ke hana su wuce kilomita 180 a awa, yarjejeniya ce tsakanin kamfanonin ƙasar, shi ya sa har motoci masu ƙarfi irin Skyline GT-R da Supra ɗin da samari ke tsayawa ɗauka a waya in sun gifta za ka ga mitarsu 180 ce. Haka ma ƙarfin doki, wato ma'aunin ƙarfin injin, daga 1989 zuwa 2004 kamfanonin sun amince kada a rubuta sama da 280 a takarda, alhali Supra turbo ɗin da aka kai Amurka 320 aka rubuta mata, injin kuma samfurin 2JZ ne a ta Japan da ta Amurka duka.

In kana so ka tantance da kanka ko mota ta kasuwar Japan ce, duba lambar chasis, ta kasuwar Japan gajera ce kamar JZA80 sai 'yan lambobi, ta Amurka ko Turai kuwa haruffa da lambobi 17 ne, sannan sitiyarin ta Japan a dama yake sai dai in an juya shi.

Don Allah a tura wa abokai masu wannan musun.