Shuka furen safe daga iri a wurare masu sanyi irin su Jos da Mambila

Masu sha'awar ƙawata gida a Jos da Bukuru da garuruwan tsaunin Mambila irin su Gembu sukan kawo wa malaman gona kukan cewa sun sayi irin furen safe, wanda masu sayar da iri ke kira morning glory, sun shuka, amma ko tsiro ɗaya bai fito ba. Idan aka bi diddigi, galibi sai a tarar a tsakiyar hunturu aka yi shukar. Asalin nau'o'in da aka fi sayarwa daga Meziko da Amurka ta Tsakiya suke, kuma danginsu ɗaya da dankalin Hausa da duman kada mai yaɗo a bakin rafi, wato dukansu 'ya'yan ɗumi ne. Irin ba ya tsira da kyau sai ɗumin ƙasa ya kai kamar digiri 18 zuwa 25 a ma'aunin salshiyos. Jos kuwa tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200, Mambila ta haura mita 1,500, saboda haka a Disamba da Janairu ƙasa kan kwana da sanyi, kuma irin da aka binne a ƙasa mai sanyi da laima yakan sha ruwa ya kumbura, ya ruɓe tun bai tsaga ba.

Shawarata ita ce a jira bazara. Daga Maris zuwa farkon Mayu ƙasa ta ɗauki zafi, kuma shukar za ta samu damar yin ƙarfi kafin ruwa mai yawa da lumshin Yuli da Agusta. Wanda ke zaune a Ingila ko Kanada, inda raɓa kan daskare, sai ya fara rainon irin a cikin ɗaki kusa da taga makonni huɗu zuwa shida kafin sanyi ya janye, domin daskarewar dare ɗaya ta isa ta kashe tsiron.

Ɓawon irin yana da tauri ƙwarai, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin gaggawa. A ɗan kankare gefen kowace ƙwaya da abin yanke farce, ba tare da an kai ga farin cikinta ba, sannan a jiƙa a ruwa mai ɗumi ya kwana. Kada jiƙon ya wuce yini da dare guda, domin irin zai fara lalacewa. Da safe a binne shi zurfin santimita 1 kacal, a bar tazarar kamar taƙi guda tsakanin rami da rami. Idan akwai ɗumi, cikin mako guda za a ga ganye biyu na farko. Mai son yin raino ya sa ƙwaya biyu a kowace ledar dashe, ya riƙa shigar da su ɗaki da dare, in lokacin dashe ya yi kuma ya yage ledar a hankali ya dasa da ƙasarta, saboda saiwar wannan shuka ba ta jure motsi, kuma da zarar ta karye sai tsiron ya tsaya cik na tsawon makonni.

A zaɓi wurin da ke samun rana aƙalla awa shida, musamman jikin katangar da ke fuskantar gabas, wadda ke tare iska, ta kuma riƙe ɗumi. A kafa kara ko gora, ko a ɗaura igiya tun ranar shuka, domin yaɗon yana neman abin kamawa da wuri. Taki kuwa a yi shi da sauƙi. Kashin kaji mai yawa ko yuriya ganye kawai suke ƙarawa, sai a samu katanga kore shar babu fure. Kowane fure safiya ɗaya yake yi, amma a nan mazauna tudu sun yi sa'a, domin a ranar sanyi da gajimare yakan daɗe a buɗe har bayan azahar.

Akwai abu biyu da nake roƙon kowane mai gida ya ɗauka da muhimmanci. Na farko, irin yana ɗauke da sinadarin da ke taɓa ƙwaƙwalwa, wanda kan jawo amai da gudawa da jiri da gane-gane ga wanda ya ci da yawa, kuma wanda ake sayarwa a fakiti sau da yawa an shafe shi da maganin kashe cuta. A ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa, kada a jiƙa shi a kofin shan ruwa, kada kuma a zuba wa awaki da kaji yaɗon da ya yi 'ya'ya. Idan yaro ya haɗiya, a garzaya da shi asibiti tare da fakitin, domin likita ya ga abin da ya ci.

Na biyu, furen da ke da kyau a tsakar gida yana iya zama muguwar ciyawa a gona. A Amurka manoman masara da waken suya sun daɗe suna fama da shi, domin yana nannaɗe kara ya kayar da shi, kuma irinsa kan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. Saboda haka kada a shuka shi a shingen gonar masara ko dankalin Turawa. A riƙa tsinke kwanson 'ya'yan tun yana kore, a bar kaɗan kawai su bushe a jikin yaɗon don irin baɗi, a zuba su a kwalba mai murfi, a rubuta suna a jiki, a ajiye a wuri busasshe nesa da kayan abinci.