Gyaran tsohuwar fistol a Amurka: inda doka ta ja layi

A idon dokar tarayyar Amurka, ba duk ƙarfen da ke jikin fistol ake kira bindiga ba. Dokar 1968 ta ce gangar jikin, wato ɓangaren da ke ɗauke da lambar shaida, ita ce bindigar. Sauran duk kayan gyara ne. Saboda haka mai tsohuwar Colt 1911 da sifirin ɗinta ya saki, ko mariƙinta ya tsage, ko bututunta ya cinye, yana iya sayen sabo ya sa ba tare da izinin ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ba. Amma in gangar jikin ce ta fashe, sayen wata daidai yake da sayen sabuwar bindiga: sai ta hannun dillali mai lasisi, a cike takarda, a binciki tarihin mai saye.

Lambar shaidar kuwa ba a taɓa ta. Wanda ya zo goge tsatsa ya haɗa da lambar, ya jawo wa kansa magana, domin riƙe bindigar da aka kankare wa lamba na iya kai mutum gidan yari shekara 5.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne gyaran da ke sauya wa bindiga aji. Fistol irin wannan harsashi ɗaya take saki a kowace danna kunama. Duk abin da zai sa ta yi ta zuba da danna ɗaya ya mai da ita mashinga ƙarƙashin dokar 1934, kuma tun 19 ga Mayu 1986 aka rufe wa farar hula rajistar sababbi. Hukuncin riƙe mashinga mara rajista na iya kai ɗaurin shekara 10. Ɗan ƙarfen da ake maƙala wa bayan fistol ƙirar Glock don wannan aiki, shi kaɗai ko ba bindiga, doka na lissafa shi mashinga.

Tsufa ma na iya kawo wannan. Idan ƙugiyar da ke riƙe guduma, wato ƙarfen da ke bugu harsashi ya tashi, ta cinye, sai ka danna sau ɗaya ka ji harbi biyu. A 1994 Kotun Ƙoli ta ce sai an tabbatar mutum ya san halin bindigarsa kafin a kama shi da laifi. To, wanda ya ji ta yi haka sau ɗaya ai ya sani. A ganina ranar ya kamata ta tafi wurin mai gyara mai lasisi.

Sa wa fistol ƙotar jinginawa a kafaɗa ma yana mai da ita gajeren raifal idan bututun bai kai inci 16 ba, sai da rajista tukuna. An dai ɗaga ƙafa ga wasu tsofaffin fistol ƙirar Luger da Mauser masu ƙotarsu ta asali.

Jihohi kuma kowace da nata. Gidan harsashi mai cin fiye da 10, wanda ake sayarwa a fili a Texas, haramun ne sayar da shi a Kalifoniya.