Masu tara kan sarki da ƙasashen da suke zaune

Masu tara kan sarki mutane ne da ke tattara 'yan takardun nan da ake manna wa wasiƙa don shaidar an biya kuɗin aikawa, su jera su, su yi nazarin bugunsu da hatiminsu da tarihinsu. Da wuya a sami ƙasar da babu su, amma mafi yawansu suna zaune ne a yammaci da tsakiyar Turai, Amurka ta Arewa, gabashin Asiya, Indiya da Ostireliya. Inda ake fitar da kan sarki daban, inda masu tara shi suke daban: akwai tsibiran da mazaunansu ba su kai mutum 300 ba, amma kan sarkinsu yana cikin albam dubbai a wasu nahiyoyi. Wurin zaman mai tarawa shi ke nuna littafin lambobin da zai bi, da abin da zai ɗauka aibi ne a jikin kan sarki, da irin ɓarnar da zai yi ta tsaro.

Ƙidaya

Ba a taɓa ƙirga su a duniya baki ɗaya ba. Alƙaluman miliyoyi da ake ambata ƙiyasi ne, kuma sun sha bamban sosai, don wasu na lissafa duk mai ajiye kan sarki a ambulan, wasu kuwa sai wanda ke sayen littattafai yana zuwa baje koli. Ma'aunin da ya fi tabbas shi ne rajistar ƙungiyoyi, sai jerin masu yin odar sabon kan sarki a gidan waya. Ƙungiyar masu tara kan sarki ta Amurka, APS, ta haura mambobi 57,000 a ƙarshen shekarun 1980, yanzu ta ragu zuwa kusan rabin haka. Ƙungiyoyin Turai ma sun ragu, kuma dattawa sun fi yawa a cikinsu.

Farkon al'amarin a Turai

Kan sarki na farko, Penny Black, ya fara aiki a Birtaniya ran 6 ga Mayu 1840, bisa tsarin Rowland Hill na kuɗin aikawa mai arha da mai aikawa zai biya tun da farko. An buga kimanin miliyan 68. Zurik da Janiba da Birazil suka biyo baya a 1843, Amurka da tsibirin Morishus a 1847, Faransa da Beljiyam da Babariya a 1849. Sai da ƙasashe masu kan sarki suka yi yawa sannan tarawa ta yi ma'ana, shi ya sa ake ganin a shekarun 1850 ne abin ya kankama, galibi a hannun 'yan makaranta da ma'aikatan kamfanonin fatauci, waɗanda wasiƙun ƙetare ke ratsa teburinsu kullum.

Duk da cewa a Landan aka fara buga kan sarki, a ƙasashe masu magana da Faransanci aka fara mai da tara shi ilimi. Oscar Berger-Levrault ya fitar da jerin kan sarki na farko a Sitirasbog a 1861, a ƙarshen shekarar kuma Alfred Potiquet ya buga katalog, wato littafin jerin kan sarki, a Paris. Justin Lallier ya fito da albam na farko a 1862. A 1866 likita Jacques Legrand ya ƙirƙiro ma'aunin haƙoran gefe, wanda ke ƙirga yawansu a tsawon santimita 2. Wannan ma'auni ya bi duniya, har Amurkawa da ke awo da inci da shi suke aiki. A Burasel kuwa, Jean-Baptiste Moens yana cikin dillalan farko.

Masu musaya a Paris sun fara haɗuwa a lambunan birni, ana korarsu daga wannan zuwa wancan, har suka sami matsuguni a dandalin Marigny wajen 1887. Kasuwar tana ci har yau. Ta Madrid tana ci ran Lahadi a dandalin Plaza Mayor tun 1927. A Landan titin Strand ne ya kasance matattarar dillalai, inda kamfanin Stanley Gibbons, wanda ya faro a Pilimos a 1856, ya daɗe da zama. A Niyok, titin Nassau ne ya riƙe wannan matsayi daga shekarun 1930 har zuwa wajen 1970.

Ƙungiyoyi suka bi sawun kasuwanni: ta Landan a 1869, wadda ita ce mafi daɗewa cikin waɗanda suka rage, ta Diresdan a 1877, ta Amurka a 1886, ta Indiya a 1897, ta Masar a 1929. Manyan tarin kan sarki ma a waɗannan birane suka taru. Na Thomas Tapling, wanda ya rasu a 1891, yana ɗakin karatun Birtaniya. Philipp von Ferrary, mazaunin Paris, ya yi wasiyyar a kai nasa gidan tarihin waya na Balin, amma ya rasu a 1917 ana tsakiyar yaƙi, sai Faransa ta ƙwace shi ta yi gwanjonsa daga 1921 zuwa 1926, ya watsu hannun attajiran Turai da Amurka. Sarki George na Biyar da Shugaba Franklin Roosevelt sun ƙara wa abin daraja a idon jama'arsu. Tarin gidan sarautar Masar, na Sarki Fu'ad da ɗansa Faruk, an yi gwanjonsa a Alƙahira a 1954.

Mulkin mallaka ya bar wani gurbi da ya cancanci a lura da shi. Ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa sun yi ta aika wasiƙu gida, sun kuma koma da abin da suka tara. Saboda haka mafi kyawun tarin tsohon kan sarkin Afirka da Karebiyan da kudancin Asiya yana Landan da Paris da Burasel da Lisbon, kuma ƙungiyoyin nazarinsa da yawa can suke zama. Ɗan ƙasa da ke son tarihin gidan wayar ƙasarsa sau da yawa daga waje zai sayo shi.

Gabashin Turai da Asiya

A Tarayyar Sobiyet, tun 1922 gwamnati ta riƙe musayar kan sarki da ƙetare a hannunta: duk saƙon musaya sai ya bi ta hukuma, a manna masa kan sarkin haraji na musamman. A tsohuwar Jamus ta Gabas akan buga guda ɗaya a cikin saiti da ƙaranci da gangan, mai tarawa sai da katin shaida yake samun 'yan kaɗan, saura a sayar waje don kuɗin ƙetare. Ƙasashen yankin sun kuma fitar da kan sarki masu ɗimbin yawa da aka buga wa hatimi tun a falle, ba su taɓa hawa wasiƙa ba. Ana gane su da hatimi tsaf a kusurwa da gam cikakke a baya.

Sin ce ta fi canza taswirar a baya-bayan nan. Mujallar masu tarawa ta Jiyou ta fara fita a 1955, ta tsaya a 1966 lokacin Juyin Al'adu, sa'ad da aka ɗauki tara kan sarki ɗabi'ar 'yan jari hujja, ta dawo a 1980. A shekarar ne aka fitar da kan sarkin biri na fen 8 (fen ƙaramin kuɗin Sin ne), kimanin miliyan 5, wanda daga baya kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi. An kafa tarayyar masu tarawa ta ƙasa a 1982, an yi baje kolin duniya a Beijin a 1999, Luwoyan a 2009, Wuhan a 2019. Ana yawan cewa Sin ce ta fi kowace ƙasa yawan masu tarawa. Wasu na ja da haka, suna cewa da yawansu masu zuba jari ne. Japan ta yi nata tashen daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa gasar Olamfik ta Tokyo a 1964. A Indiya gidan waya yana buɗe wa mutum asusun ajiya, yana aiko masa da sabbin fitowa.

Tarayyar duniya

An kafa FIP, tarayyar ƙungiyoyin masu tara kan sarki ta duniya, a Paris a 1926. A ƙarƙashinta akwai FEPA ta Turai, FIAP ta Asiya da Ostireliya, da FIAF ta nahiyar Amurka. Afirka ba ta da tata: Masar tana tare da Turai, Afirka ta Kudu tana tare da Asiya.

Masu fitarwa don wasu

Wasu ƙananan ƙasashe da yankuna suna buga kan sarki fiye da buƙatar wasiƙunsu nesa ba kusa ba. San Marino ta fara a 1877, Monako a 1885, Batikan a 1929, tsibirin Pitcairn a 1940, Tristan da Cunha a 1952. Tsakanin 1964 da 1972, kafin a haɗa gidajen wayar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, an fitar da dubban iri da sunan Ajman da Fujaira da Sharja da Ummul Ƙuwain, waɗanda wasu katalog suka ƙi ba su lamba. Akwai kuma na bogi da ake bugawa da sunan ƙasa ba da saninta ba. Don maganin wannan ne Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta buɗe rajistar kan sarki na gaskiya, WNS, a 2002, kodayake ba duk ƙasashe ke sa nasu a ciki ba.

Katalog da ɗanɗanon kowace ƙasa

Kowane yanki da littafin lambobinsa. Birtaniya da ƙasashen Kwamanwel suna bin Stanley Gibbons, Amurka tana bin Scott, Jamus da tsakiyar Turai Michel, Faransa Yvert et Tellier, Italiya Sassone, Sifen Edifil, Suwidin Facit, Suwizalan Zumstein, Japan Sakura. Lambobin ba sa haɗuwa. Scott yana ware kan sarkin jirgin sama da harafin C, na taimakon agaji da B, na cikon kuɗi da J, Michel kuwa yana jera na jirgi da na agaji cikin sauran bisa ranar fitowa. Gibbons ya ba Penny Black lamba uku, daga 1 zuwa 3, gwargwadon duhun tawada, Scott ya ba shi ɗaya. Wanda ya aika lamba tsura ga abokin musaya a wata ƙasa yakan sami abin da bai nema ba. Daidai shi ne a rubuta sunan katalog, shekarar fitowa, kuɗin da ke jiki, launi da ma'aunin haƙora.

Abin da ake so ma ya bambanta. Jamusawa sun fi kowa matsawa kan gam da ba a taɓa ba, ko ɗan sawun takardar mannawa ya isa ya karya kuɗi ƙwarai, kuma sun saba da ƙwararru su buga ɗan hatiminsu a bayan kan sarki, abin da wasu ƙasashe ke gani a matsayin ɓarna. Amurkawa suna duba ko zanen ya zauna daidai tsakiya, har maki suke bayarwa zuwa 100. 'Yan Birtaniya suna son sake gina fallen tsohon kan sarki mai guda 240, layi 20 kowane da 12, ta bin haruffan kusurwa. A Isra'ila kan sarki mai ɗan jelar rubutu a ƙasa ya fi maras shi daraja. Takardar albam ma ba ɗaya ba ce: ta Turai milimita 210 da 297, ta Amurka 216 da 279, zoben fayil ɗinsu ba ya shiga hujin juna.

Yanayi da ajiya

A nan ne wurin zama ya fi tasiri. Abin da ake nema shi ne ɗaki mai zafin digiri 18 zuwa 21 da laima kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari, ba tare da hawa da sauka ba. Idan laima ta wuce kashi 65 na tsawon makonni, gam yana laushi ya manne da shafi, funfuna ta kama, ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa su fito, yawanci daga bakin haƙora. Tsohon gam na ƙaro ya fi saurin lalacewa, yakan yi duhu har launin ya ratsa zuwa gaba. Gidajen waya sun daɗe da sanin haka: kan sarkin farko na Surinam da na Sin na shekarun 1950 da yawa ba gam aka sayar da su, don haka rashin gam a jikinsu ba aibi ba ne. Mazauna Singafo da Hon Kon da Mumbai sukan ajiye albam a kabad ɗin busarwa irin na masu kyamara, ko a akwati mai rufi gam-gam tare da ƙunshin silika da ake busarwa a mayar idan ya jiƙe. Kyankyaso da gara da ƙananan ƙwarin takarda gam ɗin suke bi.

Ƙasashe masu sanyi nasu ciwon daban ne. Na'urar ɗumama ɗaki tana sauke laima ƙasa da kashi 30, gam ya tsattsage, kan sarki ya naɗe, falle ya rabu ta layin huji. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da na saman rufi duk ba wurin ajiya ba ne. Ko a ina ne, albam a tsaye ake ajiye shi, don nauyin jibgawa yana manna gam, a kuma riƙa buɗe shi yana shan iska. Leda mai laushi ta PVC tana fitar da maiƙo da ke narkar da tawada. Hasken rana yana kashe ja da shunayya. Da matsefata mai faɗin baki ake ɗaukar kan sarki, don gumin yatsa yana barin tabon da sai bayan shekaru yake bayyana.

Cire shi daga ambulan: a yanka takardar da ɗan fili, a jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi minti 10 zuwa 15 har ya saki da kansa, a ɗauraye, a shanya kife a takarda mai shan ruwa, a danne kwana ɗaya. Ambulan mai launi a ware shi, yana zuba. Wasu tawadojin da gangan aka yi su masu narkewa, kamar na fitowar Birtaniya ta 1883 mai kore da shunayya. Mai manne kansa, wanda Saliyo ta fara fitarwa a 1964, yawanci ba ya saki a ruwa. Tsohon ambulan mai hatimi bayyananne kuwa ba a yanka shi, ya fi daraja a yadda yake.

Aikawa tsakanin ƙasashe

Ana sa kan sarki a ƙaramin ambulan mai santsi, a saka tsakanin kwali biyu, a rufe da leda saboda ruwa, kada salatif ya kusance shi. Mai tsada da rajista ake aika shi, da takardar kwastan ta CN22 ko CN23, a ƙarƙashin lambar kaya 9704. Tun 1 ga Yuli 2021 Tarayyar Turai ta cire sassaucin harajin da take yi wa kayan da ba su kai yuro 22 ba. Wasu ƙasashe suna da dokar kayan tarihi, kamar ta Indiya ta 1972 da ta hana fitar da abin da ya haura shekara 100. Cinikin da a da ake yi a tituna yanzu mafi yawansa ya koma eBay, wanda aka buɗe a 1995, da Delcampe na Beljiyam, wanda aka buɗe a 2000.