A ina za a haƙa? Tambayoyi da amsoshi kan manhajar tsara ɗibar ƙasa a gurɓataccen fili

Kaduna gari ne na masana'antu tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957. Yau yawancin masaƙun sun rufe, gari kuma sai faɗi yake yi, har filin da jiya garejin kanikawa ne ko bola ya zama fuloti. Kafin a ɗora bulo a irin wannan wuri ya kamata a gwada ƙasarsa. Waɗannan tambayoyi su ne mutane suka fi yi mini a kan yadda ake tsara gwajin.

Me ya kawo kwamfuta cikin maganar ɗibar ƙasa?

Ba wanda zai kwashe fili ɗungurungum ya kai ɗakin gwaji. Ɗan samfuri ake ɗiba nan da can, kowanne kuma kuɗi ne. To guda nawa za a ɗiba, kuma a ina? Idan aka bar wa ido, mutum zai nufi inda ya ga baƙin mai ya malale, ko inda haƙa ba wuya. Guba irin ta dalma kuwa ba ta da wari, ba ta sauya launin ƙasa. Manhajar tana amfani da lissafin ƙididdiga ta fitar da adadin samfuran da wuraren da za a haƙa a kan taswira.

Wace manhaja ce?

Wadda ta fi suna ita ce Visual Sample Plan, ana taƙaita ta VSP. Cibiyar bincike ta PNNL da ke jihar Washinton a Amurka ce ta ƙirƙiro ta. Akwai kuma ProUCL ta hukumar kare muhalli ta Amurka, amma ita yawancin aikinta bayan sakamakon gwaji ya dawo ne.

Yaya take yanke adadin?

Nan ne gizo ke saƙar. Ɗauki fili mai kadada ɗaya, mita 100 tsawo, 100 faɗi. A ce a cikinsa akwai gurbi guda zagayayye, faɗinsa mita 10, inda aka daɗe ana zubar da ruwan batir, amma ba a san inda yake ba. Sai a tsaga filin gida-gida kamar dara. Idan tazarar ramukan mita 20 ce, samfuri 25 ke nan, kuma damar a faɗa kan gurbin kusan ɗaya ce cikin biyar. Wato sau huɗu cikin biyar rahoto zai fito ya ce fili lafiya lau, alhali gubar na nan kwance. A rage tazarar zuwa mita 10, samfuri ya zama 100, damar ta haura kusan kashi 79 cikin ɗari.

Irin wannan lissafi manhajar ke yi nan take. Za ta tambaye ka girman gurbin da kake tsoro, iyakar gubar da aka yarda da ita, da yawan kuskuren da za ka iya ɗauka. Kuskuren iri biyu ne: a ce wuri tsaf yake alhali gurɓatacce ne, ko a kashe kuɗin kwashe ƙasar da ba ta da laifi. A ganina na farkon ne abin tsoro, domin yara ne ke rarrafe a tsakar gida suna kai hannu baki.

Abin har ya kai a damu haka?

Ya kai. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega. A 2015 aka sake ganin irinta a jihar Neja. Maganin bai tsaya a asibiti ba, sai da aka bi gida-gida ana auna ƙasa, ana kankare ta sama ana zuba sabuwa.

Ke nan manhajar ta wadatar?

A'a. Abin da ka ba ta shi take juyawa. Na taɓa tsayawa a wani tsohon gareji riƙe da taswira mai ɗigo-ɗigo, sai maigadin wurin, dattijo, ya nuna gindin wata katanga da sandarsa ya ce, “Ɗana, nan ake fasa batir tun ina saurayi.” Babu ɗigo ko ɗaya a wurin. Muka ware wannan kusurwa, muka yawaita ramuka a cikinta, sauran filin muka bar shi da tazararsa. Manhajar ta yarda da raba fili haka, amma sai an gaya mata.

Mai fuloti fa, me zai yi?

Ba lalle ya koyi manhajar ba. Ya nemi shawarar hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, ko ta tarayya, NESREA. Idan mai gwaji ya kawo masa rahoto, ya tambaye shi ramuka nawa ya haƙa, zurfinsu nawa, me ya sa ya zaɓi wuraren, ya kuma nemi ganin taswirar. In za a haƙa rijiya a gidan, a haɗa da gwajin ruwa.