Filar Katako a Aikin Tsohon Katako

Fila haɗi ce mai kauri da kafintoci ke cusawa cikin ramuka da tsagogin katako, ta bushe ta taurare, sannan a goge ta da samfefa har ta daidaita da fuskar katakon. An fi buƙatarta wajen haɗa tebura, kujeru da kabad da katakon da aka ciro daga rusassun gine-gine, tsofaffin ƙofofi ko falet, wato shimfiɗar katako da ake ɗora kaya a kai wajen jigila, domin irin wannan katako ba ya rasa ramin ƙusa, tsaga ko hujin ƙwari.

Mafi sauƙinta ita ce wadda kafinta ke kwaɓawa da kansa, wato garin katako mai laushi da farin gam, kuma an fi so garin ya fito daga katakon da ake aikin da shi saboda launi ya zo ɗaya. A kasuwa akwai wadda ake haɗawa da ruwa, mai saurin bushewa amma mai raguwa idan ramin ya yi zurfi, shi ya sa ake sa ta kaɗan-kaɗan, a bar kowane shafi ya bushe kafin a ƙara. Akwai kuma efoksi, wanda ake gauraya ruwansa da sinadarin da ke taurara shi. Kusan ba ya raguwa, yana bin tsaga har ƙarshenta, sai dai yana ɗaukar zafi idan aka zuba shi da yawa lokaci guda.

Abin da ya kamata mai aiki ya riƙe shi ne cewa katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, fila kuwa ba ta bin sa. Tsagar da aka cike alhali katakon na da danshi takan sake buɗewa, filar ta faɗo. Haka nan fila ba ta riƙe ƙusa ko sukurun da zai ɗauki nauyi, kuma ba ta gyara mahaɗar ƙafar kujera da ta saki. Inda ɓarnar ta yi girma, gyaran ƙwarai shi ne a yanke wurin a dasa guntun katako da gam. Kafinta Ba'amurke George Nakashima ya shahara da ɗaure tsaga da guntun katako mai siffar malam-buɗe-littafi, yana barin tsagar a fili.

Kafin a sa fila, sai an cire duk ƙarfen da ya maƙale, domin tsatsarsa na baƙanta katako. Huji mai zubar da gari alama ce ta ƙwari masu rai, kuma toshe bakinsa ba ya kashe su. Don kashe ƙwari, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta katakon jigilar kaya, wato ISPM 15, ta tanadi zafin digiri 56 na ma'aunin Celsius na tsawon minti 30 har tsakiyar katako. Tsohon fenti ma abin tsoro ne, tun da sai a 1978 Amurka ta haramta fentin gida mai dalma, ƙurarsa kuwa tana cutar da yara.

Matsalar launi ita ce ta fi wahala, domin fila ba ta shan rini kamar katako, gam kuma yana hana shi shiga. Saboda haka ƙwararru da yawa sukan bar ƙoƙarin ɓoye ramin, su cike shi da baƙin efoksi, ya fito kamar tabon da katakon ya zo da shi.