Na'urar tsotse danshi: wutar nawa take sha?

Da damina ta kankama, 'yan uwanmu mazauna Legas da Fatakwal sai su dame ni da waya: kaya sun yi fumfuna a cikin kwaba, takalman fata sun yi fari, ko in sayi na'urar nan mai tsotse danshi? Ga amsa a rubuce, don Allah a bar kirana da tsakar dare.

Wuta nawa take sha?

Juya bayanta ka karanta takardar da aka manna. Irin ta gida mai kwamfireso (inji irin na firji), wat 150 zuwa 350 ne. Dutsen guga ya fi ta sha nesa ba kusa ba, sai dai shi ba ya wuni a kunne.

A kuɗi fa?

Wat sau awa, a raba da 1,000, yunit ɗinka ke nan. Mai wat 250 ta yi awa 8, yunit 2. Idan kana Band A (rukunin da aka fi ba wuta), inda yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, lissafa naira 400 da 'yan kai a rana, wajen 12,500 a wata. Wannan lissafin ɗan firamare ma zai yi shi.

Ina Kano, in saya?

Malam, ka sayi man shafawa. Garin da hunturu ke tsaga leɓe? Ɗan danshin Agusta, buɗe taga ya ishe shi.

Zan iya barin ta a kan batirin sola har asuba?

To, a nan ne ba na son yanke hukunci. Batir mai 200Ah, bolt 12, yana ɗauke da yunit 2.4 a takarda, amma idan irin na ruwa ne, rabi kawai ya kamata ka taɓa in kana son ya yi ƙarko. Saura 1.2, inbata kuma ta ci nata. Na'urar wat 250 za ta lashe wannan cikin awa huɗu, ga fanka, ga firji. Sai dai ba lallai ta kwana tana aiki ba: idan ka saita ta a kan danshi kashi 55 ko 60 cikin ɗari, da danshin ya sauka kwamfireso zai tsaya. A ƙaramin ɗaki mai rufaffiyar ƙofa mai yiwuwa ta kai ka asuba. A falon da iskar teku ke shigowa ta ko'ina, ban yi maka alkawari ba. Batirin litiyam ya fi jurewa, amma shi ma ya danganta da girmansa, kuma ƙaramar inbata na iya tsuwwa lokacin da kwamfireso ke tashi, don a nan yake fizgar wuta. Ni dai da nawa ne, da rana zan kunna ta, sa'ad da farantin sola ke kawo wuta, in kashe da magariba.

Tana sanyaya ɗaki?

A'a. Ɗumi ma take ƙarawa. Mai AC kuwa ya riga ya mallaki abin tsotse danshi, ruwan da ke ɗiga a waje daga ina kake zaton yake fitowa?

Na saya, bokitinta na cika kullum, bango bai daina baƙi ba.

Hajiya, kwantar da hankalinki, ba ta lalace ba. Ko dai taga a buɗe take, kina ƙoƙarin busar da Legas gaba ɗaya da kuɗin mitarki, ko kuma kwano na yoyo, ko bangon na jan ruwa daga ƙasa. Rufe tagar tukuna ki ba ta mako guda. In bai canja ba, mai gidan haya za ki kira ya kawo magini.