Kafin ka ɗaura wa ƙaramar tarakta injin dami

Idan lokacin yankan ciyawa ya ƙarato, tambayar da masu ƙananan taraktoci suka fi yi mana ita ce: "Malam, tawa za ta ja injin dami kuwa?" Ja kam za ta ja. Abin dubawa shi ne ko za ta iya juya shi wuni guda ba ta galabaita ba, da kuma ko za ta iya tsayar da shi idan aka zo gangara.

Ƙarfin dokin da aka rubuta a jikin tarakta na injinta ne. Wanda ke isa ga sandar juyi ta baya, wadda ake kira PTO, bai kai haka ba, domin giya da famfon haidirolik sun ci rabonsu a hanya. Mai doki 25 a rubuce, sau da yawa 19 ko 20 ne ke fita ta baya, kuma da wannan adadin za ka je ciniki. Injin da ke yin dami mai kusurwa huɗu, irin wanda mutum ɗaya ke ɗagawa, masu ƙera shi kan nemi doki 35 a PTO, nauyinsa kuma yakan haura kilo 1,300. Ƙananan taraktoci da yawa su kansu ba su kai haka ba. A cikin injin damin akwai madanni mai kai da komo kamar taɓarya a turmi, wajen sau 80 zuwa 100 a minti, kowane bugu sai direba ya ji shi a kujera. A shimfiɗaɗɗen fili abin yakan tsaya a jijjiga. A gangara kuwa injin ne zai riƙa ingiza taraktar, birkinta kuma ba don wannan kaya aka yi shi ba, balle a ce an maƙala amalanke a baya ana lodi.

Saboda haka wanda taraktarsa ba ta kai doki 30 ba, ƙaramin injin da ke naɗe ciyawa ya fitar da mulmulallen dami ya fi dacewa da shi. Akwai masu aiki da doki ƙasa da 20, daminsu kamar santimita 50 da 70, nauyi wajen kilo 20. Aibinsa jinkiri, don kowane dami sai ka tsaya an ɗaure an sauke, kuma jera shi a rumfa ba shi da daɗi. Amma ga mai 'yan hektoci kaɗan, jinkirin ya fi sauƙi a kan gyaran kuloci. Idan irin wanda ake ratayawa ne a hannuwan baya, wato ƙarafan ɗaga kaya da ke bayan tarakta, a sa nauyi a gaban tarakta, don ana so aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ya zauna kan tayoyin gaba. In ba haka ba sitiyari zai yi sakayau a hannu.

Ni da za a bi tawa, injin dami ne ƙarshen abin da za a saya. A fara da na yanka da manjagara, dami kuma a ɗauko haya har a ga yadda aikin yake. Mayanki mai dogon wuƙa mai haƙora ba ya cin ƙarfi, sai dai yana shaƙewa a ciyawar da ta kwanta. Mai ganga biyu masu juyi ba shi da yawan ɓaci kuma yana da sauri, amma yana da nauyi, yana kuma tara ciyawar a tsakiya, dole a bi ta da na'urar bazawa kafin ta bushe. Manjagara kuwa a saita ta yadda jerin ciyawar ba zai fi bakin injin dami faɗi ba.

Wajen ɗaurawa ne aka fi yin ganganci. A ajiye injin a wuri mai lebur, a sa wa tayoyinsa waigi, a daidaita tsayin harshensa, wato ƙarfen gabansa da ake maƙalawa a tarakta, da jak. Direba ya yi baya a hankali, mai taimaka masa ya tsaya a gefe inda ake ganinsa, kada ya shiga tsakani yana riƙe da fin yana jiran rami ya zo daidai. Ƙafa ta zame daga kuloci sau ɗaya, shi ke nan. Sai an ja birki an kashe inji sannan a shiga.

Injin da ake ja, a ƙarfen ja na ƙasa kaɗai ake ɗaura shi. Duk abin da aka ɗaura sama da gatarin baya yana iya ɗaga gaban tarakta ta kife da mutum. Ga PTO mai juyi 540 a minti, wanda shi ne na ƙananan taraktoci, ƙa'ida ita ce inci 14, wato kusan santimita 35, daga ƙarshen sandar zuwa tsakiyar ramin fin. Mutane na raina wannan awo, alhali shi ke sa gaɓoɓin shaf, wato sandar da ke kai juyi daga PTO zuwa injin dami, su raba lanƙwasa daidai idan an sha kwana. Fin ya zama na ainihi mai makari a ƙasa, ba guntun rodi ko noti da aka tsinta ba. A ɗaura sarƙar kariya, a naɗe jak, a ɗaga hannuwan baya ko a cire su don kada su doki shaf.

Shaf ɗin kansa, makullin tarakta na aljihunka za ka sa shi. Ka goge haƙoran nan shida, ka shafa giris, ka tura har ka ji ƙas, sannan ka fizgo shi baya ka tabbatar ya kama. Bututu biyu ne ɗaya cikin ɗaya. Idan ya yi tsawo, ranar da aka hau tudu ko aka karya kwana zai tokare ya fasa gidan giya. Idan ya yi gajere zai zare yana juyi. Ana so su shige juna da aƙalla sulusin tsawonsu a kowane hali, in kuma za a rage, a yanke duka biyun daidai wa daida. Rigar robar da ke kansa a ɗaure 'yar sarƙarta don kada ta bi shi juyi. Juyi 540 a minti sau tara ke nan a daƙiƙa ɗaya. Kafin mutum ya ankara bakin rigarsa ya kama, hannu ya riga ya tafi. Kada a tsallake shaf yana aiki, kada a bar yara kusa.

Mai tsohuwar tarakta irin Ford 8N, wadda PTO ɗinta ke haɗe da giya, ya sa mahaɗin da ke barin shaf ya yi juyinsa shi kaɗai. In babu shi, ƙaton faifan ƙarfen injin dami zai ci gaba da tura taraktar gaba ko an taka kuloci. Wannan faifan dai shi ne dalilin da ya sa idan ciyawa ta shaƙe ba a sa hannu da zarar an kashe PTO, sai an ga ya tsaya cak. A jikinsa akwai ƙusa da aka yi ta musamman don ta karye idan injin ya haɗiyi dutse ko ya ƙoshi da yawa. Wasu idan ta dame su da karyewa sai su musanya ta da mai tauri, daga nan kuma abin da zai karye ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. A rage gudu, a rage kaurin jeri, a wasa wuƙa. Kafin shiga gona kuma a juya faifan da hannu a ga allurai da maƙullan igiya suna tafiya daidai.

Saura danshi. Ƙaramin dami ba a ɗaure shi sai danshin ciyawa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, in ya kai 18 ya fi. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗebo daga ƙasan jeri ya murɗa: in karan ya yi laushi da sanyi a hannu, a ƙara mata rana. Ingiricin da aka ɗaure da ɗanye yakan yi fumfuna, yakan kuma ɗau zafi da kansa har ya kama wuta, galibi cikin makonni shida na farko. A riƙa cusa ma'aunin zafi a tsakiyar tarin. Ya wuce digiri 55 a ma'aunin Celsius, a duba kullum. Ya doshi 80, kada a yaye tarin, don iska na shiga wuta za ta tashi. A kira 'yan kwana-kwana tukuna.